Godiya bayan addu'ar bakwai ta Baba Saja

Assalamu alaikum. Jiya aka yi addu'ar bakwai, yau ce rana ta farko da na zauna ban ji ana kwaɗa sallama a zaure ba. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dishe, amma in ban rubuta wannan yanzu ba, gajiya za ta cinye shi. Kuna tare da mu tun daren da aka kwantar da kakanmu har ranar da aka kai shi makwancinsa, ba sai na maimaita muku ba. Alhamdu lillahi, Allah ya karɓi abinsa bayan ya ara mana shi shekara kusan ɗari.

Dare ɗaya ne ya ƙi fita daga raina. Wajen ƙarfe biyu ruwa ya kece da iska, aka ɗauke wuta a asibitin, wani ya kunna fitilar waya. Sai Baba ya yunƙura, mutumin da ya kwana uku ko cokali bai iya ɗagawa ba, ya damƙe hannuna yana cewa a kashe fitila, Japan suna tsallaken kogi. Ashe hankalinsa ya koma Boma, wato ƙasar Burma, inda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga nan suka shiga kwarin Kaladan, dajin da kaya a kai ake ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jeho musu. Tun ina yarinya yake ba mu labarin matsattsaku da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, ina tsokanarsa cewa angon nawa ya cika kuri. A daren nan babu mai dariya. Yana neman fizge allurar ƙarin ruwa, yana kiran sunayen mutanen da ba mu taɓa ji ba, ni da ƙanena sai kuka.

Sai ga maigadin ɗakin, dattijon da kowa ke ce wa Baba Kofur. Shi ma ɗan mazan jiya ne, da shi aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bai tambaye mu komai ba. Ya kashe tocilarsa, ya ƙame a gefen gado, ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe Saja, na karɓi gadi, ka kwanta." Baba ya dube shi, ya tambaya ko an ƙirga yara. Ya ce an ƙirga, sun cika. Wallahi a take ya saki hannuna, barci ya ɗauke shi. Baba Kofur bai bar wurin ba sai da aka kira asalatu.

Na san ba a cika kama suna a irin wannan ba, a yi mini afuwa. Baba Kofur, Allah ya tsaya maka kamar yadda ka tsaya mana, ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya ba ka masu jin ƙanka ranar da ƙarfi ya ƙare. Malam Liman da ya yi wa kakanmu wanka da salla, Allah ya ƙara daraja. Inna mai ƙosai da ta rufe sana'arta kwana uku tana bakin murhunmu, matasan unguwa da suka haƙa kabari cikin taɓo, malamar jinyar da ta riƙa kiransa Baba kamar nata, Allah ya biya ku da Aljanna. Sai 'yan mazan jiya da suka zo da kakinsu, wasu na dogara sanda. Ɗayansu ya tuna mini yadda Baba, in an shiga Kaduna da shi, sai ya nuna barikin Dalet da na Kalapanzin ya ce sunayen wuraren Boma ne, mutane na wucewa ba su sani ba.

Dangin da hanya ta yi wa nisa, mun ga saƙonninku a WhatsApp, mun gode. Wanda kuma tambayarsa ta farko ita ce ina lambar yabonsa ta Tauraron Boma da takardun gida, suna nan cikin akwatin ƙarfen da ya dawo da shi a 1946, ba wanda ya taɓa.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da abokansa da suka kwanta a can ba su dawo ba. Wanda yake binsa bashi ya yi wa Kawu magana. Masu kuloli da tabarmi, suna zaure a wanke, ƙanena zai fara rarraba su gobe da hantsi, in sha Allahu.