Yadda nake koyar da kalmar "spiral" da inda ɗalibai ke tuntuɓe

Kalmar "spiral" tana cikin kalmomin Turanci da ba na yarda in fara koyar da su daga ƙamus. Idan ka ce wa ɗalibi ma'anarta zagaye ko da'ira, ka ba shi rabin magana ne, kuma rabin da ka bari shi ne mai amfani. Da'ira tana komawa inda ta faro. Ita kuwa wannan, duk zagayen da ta yi sai ta ƙara nisa daga tsakiya ko ta ƙara kusantarta, ba ta sake taka sawun da ta bari. Duk sauran ma'anoninta, har na labaran tattalin arziki, daga nan suka tsiro. Shi ya sa nake sa ɗalibai su zana ta da hannunsu kafin mu taɓa jimla ko ɗaya.

Kayan aikin ba su da tsada: gwangwanin madara mai faɗin kamar santimita 7, igiya mara talewa mai tsawon mita 1, da alli. A ɗaure bakin igiyar a jikin gwangwanin tamau, a naɗe ta duka, a ɗaura allin a ɗaya bakin. Ɗalibi ɗaya ya danne gwangwanin a kan siminti, wani ya ja allin yana kewayawa, igiyar tana warwarewa a miƙe. Kowane zagaye yana ƙara wa igiyar tsawon kewayen gwangwanin, wato kusan santimita 22, don haka tazarar da ke tsakanin layi da layi ba ta canzawa, kuma mita 1 za ta ba da zagaye huɗu da rabi. A tanadi fili mai faɗin mita 2 da ɗan ɗoriya, in ba haka ba allin zai ci karo da bango.

Abin da ke ɓata zanen abu uku ne, kuma ina ganinsu a kusan kowane aji. Idan igiyar ta yi sako-sako, layin zai riƙa shiga yana fita. Idan an naɗe ta tana hawa kan 'yar uwarta, kaurin gwangwanin ya ƙaru ke nan, sai tazarar farko ta fi ta ƙarshe. Na ukun shi na fi so ya faru a gaban ɗalibai: idan ƙullin bai kama ba, ko mai dannewa ya bar gwangwanin yana juyawa, igiyar ba za ta warware ba, sai allin ya dawo daidai inda ya tashi. A nan nake tsayar da aikin in tambaye su me suka zana. Da'ira ce, "circle". Daga ranar ba sa ƙara haɗa kalmomin biyu. Wanda ba shi da fili, ya kawo faifai aji ya sa yara su bi saƙarsa da yatsa daga cibiya zuwa baki, darasin ɗaya ne.

Irin wannan mai tazara daidai, masana lissafi suna danganta ta ga Arkimidis, masanin Girkawa na birnin Sirakus, wanda ya yi rubutu a kanta wajen shekara ta 225 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta gwangwaninmu 'yar uwarta ce ta kusa, ido ba ya raba su idan an ɗan yi nisa da tsakiya. Akwai wata kuma wadda tazararta ke ƙaruwa a kowane zagaye, irin ta bawon dodon koɗi. Kalmar kanta ta shigo Turanci a ƙarni na 16 daga Latin, asalinta kuma "speira" ta Girkanci, abin da aka naɗe kamar igiya.

Mataki na biyu shi ne waya da sanda. A naɗa waya a jikin sandar tsintsiya tana hawa sama, a zare sandar. Wannan ba ta nisa daga tsakiya, faɗinta ɗaya daga ƙasa har sama, hawa kawai take yi. Sunanta a lissafi da kimiyya "helix". Amma Bature a maganarsa ta yau da kullum "spiral" yake ce mata. Matakalar bene mai kewaya ginshiƙi "spiral staircase" ce, wayar da masu shagon kwamfuta ke ɗinke takardun aikin ɗalibai da ita kuma "spiral binding". Ba kuskure ba ne, haka harshen ya zauna. Inda nake jan kunne shi ne ajin kimiyya: siffar DNA, sinadarin gadon halitta, da masana Watson da Crick suka bayyana a 1953 sunanta "double helix", wanda ya rubuta "double spiral" a jarrabawa ya ba mai maki dalilin soke masa. Hasumiyar Malwiya ta babban masallacin Samarra a Iraƙi, wadda aka gina a ƙarni na 9 zamanin Halifa Mutawakkil mai tsayin mita 52, ta haɗa biyun: tana hawa, tana kuma tsukewa. Hotonta yana saurin zama a kan ɗalibi fiye da dogon bayani.

Furuci kan ci mana lokaci. Bakin Bahaushe bai saba da baƙi biyu a jere a farkon kalma ba, kuma "p" tana zame masa "f", sai ka ji "sifiral". Gaɓa biyu ce kacal, nauyin yana kan ta farko, kuma wasalin farko "ai" ne kamar a kalmar "spy". Nakan sa su ja "s" ta yi tsawo, su rufe leɓɓa ruf, sannan su saki "pai", a ƙarshe su ƙara "ral" a taƙaice. Wanda leɓɓansa ba su haɗu ba, "f" ya faɗa. A rubutu kuwa, Ingila na ninka harafin ƙarshe, "spiralled" da "spiralling", Amurka ba ta ninkawa, "spiraled" da "spiraling". Mu rubutun Ingila muka gada a makarantunmu, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a gauraya biyun a takarda ɗaya.

Wurin da aikin yake da gaske shi ne ma'anar aro, wadda ta cika jaridu. Idan aka ce "prices are spiralling", ɗalibi yakan fassara da farashi ya tashi. Bai yi ƙarya ba, amma da tashi kaɗai ake nufi da "rise" ta wadatar. Marubucin ya zaɓi wannan kalma ne don ya nuna cewa kowane tashi shi ke haifar da na gaba. Misalin da ya fi fito da haka shi ne "wage-price spiral": kaya sun yi tsada, ma'aikata sun nemi ƙarin albashi, kamfanoni sun ɗora kuɗin ƙarin a kan kaya, kaya sun sake tsada, ma'aikata sun sake nema. Ingila ta ɗanɗana wannan bayan tashin farashin mai na 1973, har hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin 100 a 1975. Haka "debt spiral": mutum ya ci bashin naira 100,000 da ruwan kashi 10 cikin 100 a wata, ya kasa biya, ya ciwo 110,000 a wani wuri ya toshe, wata mai zuwa 121,000, na bayansa 133,100. Aikin da yake yi ɗaya ne kowane wata, ramin ne ke ƙara zurfi. Nakan sa su rubuta waɗannan lambobi a jikin zanen allin, kowane zagaye da tasa lamba.

Nan ne kuma bambancinta da "vicious circle" yake. Ita "vicious circle" ta fi nuna an maƙale ana ta kai-komo a wuri ɗaya, "spiral" kuwa tana nuna abin yana ƙara muni ko ƙara girma a kowane karo.

Abin da ke rikita mai fassara shi ne kalmar ba ta faɗin inda aka dosa da kanta. Sai ka dubi maƙwabtanta. Idan farashi ne, ko kashe kuɗi, ko rikici, to sama ake yi: "spiralling costs" kuɗin da ake kashewa ne ke ta hauhawa. Idan tattalin arziki ne, ko lafiya, ko halin mutum, yawanci ƙasa ake yi, kuma sau da yawa za ka ga "downward" a gabanta ko "into" a bayanta: "the country spiralled into war", ƙasar ta yi ta taɓarɓarewa har ta afka yaƙi. "Spiral out of control" kuwa Hausa tana da abinta a shirye, lamari ya gagari Kundila, ko a rubutun labarai a ce ya fi ƙarfin hukuma. Matasan Turawa a yanzu sukan ce "I'm spiralling" ba tare da ƙarin komai ba, suna nufin tunani ya yi musu yawa, wannan damuwa na jawo waccan. Wanda ya fassara ta da jiri ko juwa ya kauce hanya. Ni a ganina kalmar ta fi karkata ga sharri, don haka ba na barin ɗalibi ya rubuta "his marks spiralled" yana nufin yabo. Idan alheri ake nufi, sai an fito fili an ce "upward spiral", kuma ko ita ba ta kai 'yar uwarta yawa a bakin mutane ba.

Ta fuskar nahawu tana aiki uku: suna, "a spiral of smoke", sifa, "a spiral galaxy", irin tarin taurarin da duniyarmu ke ciki, da aikatau. A matsayin aikatau, abin da kansa yake yin aikin. Jimla irin "the traders spiralled the prices" da nake yawan gani a rubutun ɗalibai ba ta zauna ba, domin ba a cika cewa wani ya yi wa abu "spiral" ba. A ce "the traders pushed prices up", ko a bar farashin ya zama mai aikin, "prices spiralled".

Ga masu karatun aikin jinya kuma akwai "spiral fracture", karayar da ke faruwa idan an murɗe ƙashi, kamar ƙafa ta maƙale a rami jiki ya juya. Layin karayar yana kewaya ƙashin ne maimakon ya yanke shi kai tsaye. Idan za a yi wa majinyaci bayani da Hausa, karayar murɗiya ta isar da saƙon.