Wasiƙa daga Jidda: Gidan Nasif

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya zafi? Da fatan kowa lafiya.

Duk shekara alhazanmu na ratsawa ta Jidda, daga filin jirgi sai mota zuwa Makka, a dawowa kuma hankali na kan tsaraba da awon kaya. Kaɗan ne ke leƙa tsohon gari da ake kira Al-Balad, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A can Gidan Nasif yake, cikin kasuwar Alawi.

Wani attajiri, Umar Nasif, aka gina wa shi tsakanin 1872 da 1881. Lokacin ganuwa ce ta kewaye Jidda, sai a 1947 aka rushe ta, don haka fili ya yi ƙaranci. Mu idan iyali suka ƙaru sai a ƙara ɗaki a tsakar gida, su kuwa bene suke ɗorawa kan bene. Da dutsen da ake haƙowa a bakin teku suka yi ginin. Dutsen ba shi da ƙwari sosai, shi ya sa magina ke shimfiɗa katako a kwance cikin bango bayan 'yan layuka, ya raba nauyi, sannan a shafe da farar ƙasa saboda gishirin iska.

Amma ni tagogin ne suka fi ɗauke min hankali. Roshan suke ce musu: taga ce ta katako da ta turo kan titi, an sassaƙa ta da ƙananan ƙofofi. Iska na shiga, rana ba ta samun hanya, matar gida na zaune a ciki tana kallon hada-hadar kasuwa ba wanda ya gan ta. A nan ake jera tulunan ruwa iska ta sanyaya su. Duk wanda ya san zafin Jidda, mai haɗe da gumi da ɗanko a jiki, zai sara wa kafintan da ya yi wannan tunani tun babu lantarki. Gine-ginen gilashi na yanzu, a ɗauke wuta awa ɗaya ka ga yadda za a watse.

Matakalar Gidan Nasif tana da faɗi, hawanta ba tsayi, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. Can ƙoli akwai ɗaki mai tagogi ta kowane ɓangare, wurin shan iska. Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa ƙasar Saudiyya, a gidan nan ya sauka da ya shiga Jidda a 1925.

A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar dogon yaro. Ana cewa a da ita kaɗai ce a garin, har kwatance ake yi da ita.

Mai niyyar Umara bana, ya ware yamma guda ya je bayan La'asar, rana ta yi sanyi. A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Jidda