Abin da na gani a shagon POS game da cacar dawaki

Aikin POS yana nuna wa mutum cikin aljihun jama'a ko bai nema ba. Wanda ya sayar da shinkafa zai zo ajiya, wanda matarsa ke asibiti zai zo cira hannunsa na rawa, mai biyan kuɗin makaranta zai tsaya yana lissafin abin da zai rage masa. Na yi wannan aiki a wani shago kusa da kasuwa a Birnin Kebbi bayan na gama karatun ƙididdiga a foliteknik, kuma a nan na fara lura da wasu kwastomomi da ba su da kuɗi mai yawa amma sun fi kowa sintiri. Ɗari biyu, ɗari biyar, dubu ɗaya, a tura musu asusunsu na kamfanin caca. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa. Akwai kuma wani rukuni da dawaki ne nasu: tseren Ingila da suke bi a waya, da dawakin kwamfuta masu gudu duk bayan 'yan mintoci.

Caca abin kunya ce a garin nan tun fil azal, kuma tun shekarar 2000 jiharmu ke cikin masu aiki da shari'ar Musulunci. A da sai mutum ya nemi lungu ko kango kafin ya zauna karta, yana waige-waige kada kawunsa ya gan shi. Waya ta ɗauke wannan waigen. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin Naira, har yaran da ba su taɓa taka banki ba suka buɗe asusu a waya, kuma da wannan asusun ake sayen garin kwaki, da shi ake saka wa doki.

Duk wanda ke cikin harkar nan yana da labarin da yake riƙe da shi, kuma da yake ina son lissafi, sai na riƙa bin labaran ina karantawa bayan an rufe shago. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawancinsu gaskiya ne. Wanda ya fi yawo a bakinsu shi ne na ranar 28 ga Satumba, 1996, a filin sukuwa na Askot a Ingila. Tsere bakwai aka shirya a ranar, mahayi ɗaya ɗan Italiya mai suna Frankie Dettori ya hau doki a kowanne, ya kuma zo na ɗaya a duka bakwai ɗin. Wanda ya haɗa dawakin nan a tikiti guda, kowace fam ɗaya tasa ta haifi sama da 25,000. Wani kafinta ya zuba abin da bai kai fam 70 ba, ya tashi da sama da fam 550,000. Kamfanonin caca sun tafka asarar miliyoyin fam a yammacin nan, har wani mai karɓar caca a bakin filin sai da ya sayar da gidansa da motocinsa kafin ya iya biyan mutane.

Akwai na 2008, wani dattijo mai sayar da taki a arewacin Ingila da ya saka rabin fam a kan dawaki takwas ya samu fam miliyan 1. Akwai na Foinavon, dokin da ya ci babban tseren tsallake shinge na Grand National a 1967 alhali ana biyan 100 a kan 1 saboda ba wanda ya sa masa rai. Yana can baya ne, sai wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban shinge na 23, na gaba suka afka wa juna, shi kuma da yake ya yi nisa a baya sai mahayinsa ya samu sararin kaucewa ya wuce. Ko mai dokin bai je filin ba a ranar. A 2022 ma an ga irinsa a Amurka, inda Rich Strike ya ci tseren Kentaki ana biyan 80 a kan 1, dokin da sai ana gobe tsere ya samu gurbi saboda an janye wani.

Amma kowane labarin nan yana da ragowa da ba ta isowa majalisar samari. A ranar Dettori, dokinsa na bakwai, Fujiyama Crest, da safe 12 ake biya a kan 1. Da manyan kamfanonin suka ga shida sun ci kuma bala'i na tunkaro su, sai suka kwararo kuɗi filin suka saka a kan dokin da kansu, farashinsa ya faɗo zuwa 2 a kan 1 kafin a saki dawaki. Wato ko a ranar da ta fi kowace muni a gare su, suna da hanyar rage abin da za su biya. Dattijon 2008 kuwa, lissafin tikitinsa ya haura miliyan, amma kamfanin yana da iyakar abin da yake biya, a nan aka tsayar da shi. A watan Yunin 2019 Dettori ya sake cin tsere huɗu a jere a Askot, washegari wasu kamfanoni suka taƙaita haɗa dawakinsa a tikiti ɗaya. Su suna koyon darasi daga kowace asara, su gyara doka. Asarar 1996 ma ta zame musu talla, ga shi kusan shekara talatin ana ba da labarinta har a bakin kasuwar Birnin Kebbi.

Lissafin abin ba shi da wuya, ɗan sakandare zai gane shi. A ce dawaki biyu ne ƙarfinsu ɗaya, Musa ya saka 100 a kan fari, Isa ya saka 100 a kan baƙi. Da adalci za a yi, wanda ya ci 200 zai ɗauka. Kamfani kuwa sai ya ce 180 zai biya. Ko fari ya ci ko baƙi, kamfani ya karɓi 200 ya fitar da 180, ashirin ta zauna. Shi ba ruwansa da wanda zai ci, rabonsa yana cikin farashin tun kafin a ɗaura sirdi. Inda abin ya fi ciwo shi ne tikitin haɗi, mai dawaki da yawa da sai duka sun ci kafin a biya, wanda samarinmu suka fi so saboda da ɗari biyu ake hango miliyan. A kowane mataki ana sake cire wannan kason. Idan a tsere ɗaya 90 ke komawa hannun jama'a cikin kowace 100, a tsere biyu 81 ce, a uku 73, kafin a kai bakwai ta gangaro ƙasa da 48. Tikitin da ya fi daɗin kallo shi ne wanda kamfani ya fi ci a kansa. An kuma daɗe da gano, tun wani bincike na 1949 a Amurka, cewa masu caca suna zuba kuɗi fiye da ƙima a kan dokin da ba a sa wa rai ba, don haka asara a kan irinsu Foinavon ta fi asara a kan dokin da kowa ya sani.

Ci mai girma guda ɗaya na gani da idona. Wani ɗan kabu-kabu ne, yaro mai fara'a da girmama mutane, yana goyon 'yan makaranta da safe. Ya haɗa dawaki biyar da ɗari biyar, duka suka shigo, aka zuba masa dubu ɗari huɗu da 'yan kai. A wurina ya cira. Na ƙirga masa a kan benci, yana karɓa yana sake ƙirgawa da yatsa mai yawu, abokansa sun cika ƙofar shago har mai shayin gefe ya bar tukunyarsa ya leƙo. Ya sayi taya biyu sababbi, ya kai wa mahaifiyarsa buhun shinkafa, ya canza waya. A makon nan ban huta ba. Yaran da ban taɓa gani ba suka riƙa zuwa, kowa da lambar asusunsa a rubuce a bayan hannu ko a guntuwar takarda, kowa yana cewa a saka masa kafin ƙarfe uku.

Shi kuma mai cin, ɗari biyar ta daina isarsa. Ya koma dubu biyar, dubu goma. "Oga, doki ɗaya ne ya yanke min tikiti, wallahi wanga karon in na ci na bari." Da injin da na ƙirga masa kuɗin, da shi na riƙa mayar da su kaɗan-kaɗan. Kafin damina ta faɗi wayar ta tafi, daga baya na ji mai babur ɗin ya karɓe abinsa saboda balas ya taru. Har yau in aka zauna a majalisar nan labarin dubu ɗari huɗun ake bayarwa, ba mai kawo zancen tayoyin da suka tafi da babur ɗin wani.

Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya san yadda dubban masunta ke afkawa Matan Fada da homa da gora, kuma hoton mutum ɗaya ne ke zagaya duniya, shi da giwan ruwansa. Ba mai ɗaukar hoton waɗanda suka fito da homa wayam. Sai dai su masuntan jiƙewa kawai suka yi, za su koma gida da homarsu. Ni aikina ya zaunar da ni ne a inda masu fitowa wayam suke bi, kuma na ga abin da suka shiga da shi: kuɗin fetur na injin ban ruwa a lokacin da shinkafar rani ke neman ruwa a fadama, kuɗin rajistar jarabawa, kuɗin adashen uwa da aka aiki yaro ya kai.

Dawakin kwamfuta su ne suka fi tayar min da hankali. A tseren Ingila akwai doki na gaske, da mahayi, da ƙasa mai laka ko busasshiya, akwai abin da mutum zai ce ya nazarta. A nan kuwa babu doki ko ɗaya. Manhaja ce ke fitar da lamba, sannan a nuna maka zanen dawaki suna gudu don ka ji kamar ana fafatawa. Wani ɗalibi ya taɓa nuna min littafin rubutu da ya cika da sakamako, layi-layi da jan biro da shuɗi, yana cewa lamba 4 ta daɗe ba ta fito ba, yanzu lokacinta ne. Rubutunsa tsaf, tsarinsa ya fi na wasu da muka yi aji ɗaya da su. Na yi masa bayani cewa manhajar ba ta tuna abin da ya wuce, kowane tsere sabo ne fil. Ya saurare ni cikin ladabi, ya ce na gode Yaya, sannan ya miƙo ɗari biyu.

Wasu sukan kawo min hujja da Bill Benter, Ba'amurken da ya yi arziki da tseren dawakin Hong Kong. Gaskiya ne ya yi. Amma ya je can ne a tsakiyar shekarun 1980 da ilimin lissafi da kwamfuta, ya yi shekaru yana tara bayanan dubban tsere, kuma a kakar farko yawancin jarin ya narke. Tsarin Hong Kong kuma na tukunya ɗaya ne: kowa ya zuba, hukumar tseren ta cire nata, masu ci su raba ragowar. Duk abin da Benter ya kwasa daga aljihun ƙananan masu caca ya fito, irin masu tsayuwa a gaban teburina.

Mu mutanen dawaki ne, wannan ba a faɗa mana. Wanda ya ga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gwandu, ko ya ga matasa suna kilisa da yamma, ya san matsayin doki a ƙasar nan. Sukuwa kanta ba laifi ba ce. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, malamai kuma sun yi bayanin kyautar da ta halatta ga mahayin da ya yi nasara. Abin da aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka hana shi ne caca, suka kuma ambaci gaba da ƙiyayya da take haifarwa. Na ga wannan gabar a zahiri, wa da ƙani sun daina gaisawa a kan dubu bakwai.

Daga baya na samu maigidana na nuna masa littafin shago, na ware masa abin da muke samu daga tura kuɗin caca. Ba kaɗan ba ne, don cajin ɗari-ɗari in ya taru yana biyan kuɗin wuta da na data. Ya duba ya yi shiru, sannan ya ce, "Bar shi, yaro. Allah shi ba mu ta wata hanya." Muka daina. Na san da yawansu shago na gaba suka koma, wasu kuma da wayarsu suke yi daga kan katifa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Nuwamban 2024, wanda ya soke dokar tarayya ta 2005 ya mayar da ikon tsara harkar caca hannun jihohi, magana ta dawo gaban majalisarmu ta jiha, kuma ina ganin rufe shago kaɗai ba zai wadatar ba tunda abin a aljihu yake.

Abu ɗaya da na ga yana ɗan tasiri shi ne tarawa. Wa'azi sun sha ji, daga bakin waɗanda suka fi ni sani. Amma kusan ba wanda ya taɓa zama ya tara abin da ya zuba. Idan yaro ya yarda, sai in ce ya buɗe tarihin asusunsa na wata uku, ni ina riƙe da kalkuleta, shi yana karanto min: abin da ya shiga gefe guda, abin da ya fito gefe guda. Ɗalibin nan mai jan biro ya rantse min cewa shi da kamfani kusan kunnen doki suke. Da muka gama, abin da ya zuba ya kusa ninka abin da ya cira sau uku, kuma bambancin ya fi kuɗin rajistar da yake ta roƙon kawunsa ya biya masa. Ya karɓi kalkuletar ya sake tarawa da kansa tun daga farko, ya samu lamba ɗaya da tawa. Ya tambaye ni ko akwai yadda ake rufe asusun gaba ɗaya, muka nemo wurin a cikin manhajar, ya danna da hannunsa.