Lahadi a Houston, a cocin da ba ya ƙarƙashin kowace ɗariƙa

Kwana uku da saukata a birnin Houston na Amurka, ɗan yayata ya ce, "Kawu, gobe Lahadi, za mu sujada tare." Na tambaye shi cocin nasu na wace ɗariƙa ne, Baftis ko Angilika? Ya ce ba ko ɗaya. Ba su da bishop, ba su da hedikwatar da ke turo musu fasto. Dattawan ikilisiyar ne ke riƙe da komai, daga kuɗi har koyarwa. Da wannan maganar na kwana a raina.

Da safe na ɗaura taye, shi kuwa ya fito da wandon jins. A bakin babbar hanya ya nuna mini wani katafaren gini, ya ce Lakewood ke nan. John Osteen ne ya kafa cocin a 1959, ɗansa Joel ya gaje shi a 1999, sai a 2005 suka koma wannan zauren da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets ke wasa a cikinsa a da. Yana cin mutum sama da 16,000, kuma shi ma cin gashin kansa yake yi. Ƙidayar addinai da aka yi a Amurka a 2020 ta samu ikilisiyoyin da ba sa ƙarƙashin kowace ɗariƙa fiye da 44,000, mabiyansu kusan miliyan 21.

Wanda muka je ƙarami ne, tsohon sito ne aka gyara. Tun daga wurin ajiye motoci ake tarbar mutum. A bakin ƙofa iyaye na rajistar yara, a manna wa yaro lamba a riga, a ba uwarsa irinta, ba mai ɗaukarsa bayan an tashi sai ya nuna ta. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Cikin zauren da ɗan duhu, haske yana kan dandamali kawai. Na waiga neman littafin waƙoƙi, babu. Baitukan suna fitowa a manyan allunan majigi, masu gita da ganga suna ja, jama'a na tsaye, wasu hannu a sama, wasu hannu a aljihu, ba mai kallon wani. An yi kusan rabin awa a haka. Ba a ce baƙi su miƙe a gan su ba. Da aka zo baiko ma, mai sanarwa cewa ya yi wanda yau ne zuwansa na farko kada ya ji nauyin ba da komai. A nan na gane an tsara komai ne don mutumin da bai taɓa taka coci ba, kada ya ji kunyar rashin sanin lokacin zama da na tashi.

Fasto ya fito ba rigar limanci, ba mumbari, sai ɗan tebur da Littafi Mai Tsarki. Ya buɗe Luka sura 15, labarin ɓataccen ɗa, ya daɗe a kan uban da ya hango ɗansa tun daga nesa ya ruga ya tarye shi.

Jibin Ubangiji ne ya fi tsaya mini a rai. An raba ƙananan kofuna na roba a rufe, gurasar tana saman murfin ƙarƙashin wata 'yar leda. Na yi ta fama ledar ta ƙi ɓaruwa. Wata dattijuwa da ke gefena ta karɓa, ta sa farce ta buɗe mini, ta riƙe nata har sai da na shirya, muka ci tare. Ko sunana ba ta sani ba.

Duk da haka na yi kewar tsofaffin waƙoƙi, da shaidar bangaskiyar manzanni da ake karantawa baki ɗaya, abubuwan da ke tuna wa mutum cewa an yi masu bi kafin shi. A mota na ce, "Ɗana, idan fasto ya kauce, wa zai tsawata masa?" Ya ce, "Dattawa, Kawu, suna da ikon sauke shi." Na ce to ya san sunayen dattawan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san yadda ake zaɓensu. Ya yi shiru har muka hau babbar hanya, sannan ya ce ranar Laraba akwai nazarin Littafi Mai Tsarki a gidan ɗaya daga cikinsu, in zo mu je mu tambaya tare.