Idan kan sukuru ya cinye

Da zafin Maris ya sauka a Gusau, kowa sai ya jawo fankar da ya jingine tun hunturu, kuma a nan ake karo da sukurun da ya ƙi fita. Sau da yawa ba tsatsa ba ce. Ƙura ce ta cike ramin kansa, bakin sukudireba bai zauna ba, aka murɗa ta zame. Kafin zamewa ta uku kan ya cinye, ya koma kamar ɗan kwano.

Don haka da ta zame sau ɗaya, dakata. Zare wayar daga soket, ka sa allura ka ƙwaƙule ramin, ka hure. Sannan dubi sukudirebar. Yawancin sukurorin fanka, dutsen guga da injin markaɗe sukudireba mai bakin kuros mai lamba PH2 suke so, ƙananan kuma PH1, wadda bakinta bai kai na PH2 girma ba. Wanda ya zura PH1 a ramin PH2, da hannunsa ya kashe sukurun. Akwai wani mai kama da su amma da siraran layuka huɗu a tsakani: Pozidriv ke nan sunansa, sukudireba mai lambar PZ ce tasa. Sukudirebar da bakinta ya suɗe kuwa, wurinta bola.

Kafa wadda ta dace a tsaye cak, ka ɗan bubbuga bayanta da guduma sau biyu ko uku, in jikin ƙarfe ne. Danna da nauyin jikinka, ka murɗa a hankali. Dannawar ta fi murɗawar muhimmanci. In har yanzu tana zamewa, shimfiɗa faffaɗar robar ɗaure kuɗi a kan ramin ka danna ta ciki. Dabarar nan tana aiki ne kawai in da sauran haƙori a ramin. In tsatsa ce, ɗiga man kwance tsatsa na WD-40 ko kalanzir, ka ba shi minti 15, kada ka yi gaggawa.

Idan kan ya fito waje, an huta: kama shi da filaya ta gefe ka juya. Ko ka tsaga masa layi ɗaya da zarton ƙarfe, ka fitar da shi da sukudireba mai faɗin baki.

Mai wahalar shi ne wanda ya nutse cikin rami a jikin roba. Ɗora masa bakin ƙarfen soda kamar daƙiƙa 20, robar da ta riƙe shi ta yi laushi, ka murɗa nan take. Ka wuce haka, gurbin ya narke, sabon sukuru ba zai ƙara kamawa ba. In duk sun ƙi, sai injin huda: bakin milimita 4 ga sukuru mai kaurin milimita 4, a hankali, har kan ya ɓalle. Ɗaga murfin, ka kama guntun da ya rage da filaya. Amma kada ka huda jikin firij a makance, bututun gas na iya bi ta wurin, kuma gas ɗin R600a da ke cikin firij na zamani yana kama wuta.

Af, murfin da ke riƙe fiffiken fankar tsaye galibi zarensa na hagu ne, dama ake juya shi ya kwance. Da yawa ana fasa shi a banza.

Sukurun da ya fita da ƙyar kada ka mayar da shi. Tafi da shi wurin masu kayan lantarki a ba ka mai tsawonsa daidai, don wanda ya fi shi tsawo yana iya taɓo waya a ciki.