Tambayar yarinyar layin baya

Talata. Hazo tun asuba, sai da na naɗa rawani kafin in hau babur.

A ajin ƙarshe muna kan yaƙin duniya na farko. Na ba su labarin yadda manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a Landan a 1839 cewa Beljiyam ƴar ba-ruwanmu ce, ba mai taɓa ta. Amma a Agustan 1914 sojan Jamus suka ratsa ta cikinta za su Faransa, har shugaban gwamnatinsu ya kira yarjejeniyar guntun takarda. Sai yarinyar nan ta layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Mushe, to wa aka ɗora wa tsaron irin wannan alkawari?"

Na shiga jero mata abin da na sani. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta hana a bi da soja ko makamai ta ƙasar da ta ce ba ruwanta, ita kuma in sojan wani ɓangare ya faɗo mata, dole ta tsare shi. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 kuma sun ba ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge damar shiga wurin fursunonin yaƙi ta ga halin da suke ciki.

Ta saurara har na gama. "In mai ƙarfi ya ƙi fa?"

Sai ƙararrawa.

Ina daidai Kasuwar Dole na tuna ban ce mata Ingila ta shiga yaƙin saboda Beljiyam ba. To amma hakan bai hana ƙasar shekara huɗu a hannun Jamus ba, kuma na san da na faɗa mata, da ta tambayi hakan.

Bayan magariba na kai wa Kawu maganar, yana hura gawayin shayi. Ya daɗe bai tanka ba.

"Ɗana, iyakar da ta raba mu da Daura da Kano ai a takarda Faransa da Ingila suka ja ta, ba wanda ya tambayi Damagaram. Ita me ya sa ta zauna? Masu ita duka biyu da bindiga."

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Ni na yarda waɗannan dokoki sun ceci rayuka, fursunan da aka rubuta sunansa a rajista da wuya ya ɓace. Sai dai ba na son in sayar wa yaran nan abin da ya fi gaskiya daɗi.

Inna ta aiko da fura. Takardun gyara ko taɓa su ban yi ba. Alhamis zan sake shiga ajin, da tambayarta zan fara.