Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wutar da Ta Dace da Moto Mai Taku

A makon jiya na tsaya a inda muka gama haɗa ƙarafan injin sassaƙa katako a shagon maigidana, saura batun wutar da za ta juya motocinsa guda uku. Irin waɗanda ake kira NEMA 17 ne, masu taku 200 kafin su cika zagaye ɗaya, kuma takardarsu ta nuna bolt 2.8 (ƙarfin da ke tura wuta) da amfiya 1.68 (yawan wutar da ke gudana).

Wani abokin aikina ya dage cewa duk abin da ya haura bolt 3 zai ƙona kwayil, wato nannaɗaɗɗiyar wayar da ke cikin moto. Maigida, Allah ya saka masa da alheri, bai yi masa dariya ba. Ya zaunar da mu ya ce, "Yarana, abin da ke ƙona kwayil yawan amfiya ne." Ya bayyana mana cewa kwayil ba ya karɓar wuta nan take, a hankali take cika shi, kuma idan moto ya ɗauki gudu, kafin ta cika lokacin taku na gaba ya riga ya yi, sai ƙarfinsa ya ragu har ya fara tsallake taku. Bolt mai yawa shi ke tura wutar ta shiga da sauri, ɗan allon da muke kira direba kuma yana datse ta sau dubbai a daƙiƙa guda don kada ta wuce iyakar da aka saita masa.

Direbanmu A4988 ne, wanda ke aiki daga bolt 8 zuwa 35. Da muka gwada 12, injin ya yi tafiya lafiya a hankali, amma da aka ƙara gudu sai ya yi gurnani ya tsaya cak, bakinsa ya bar tabo a kan katakon maɗaci. Muka koma 24. Ban yarda mu matsa kusa da 35 ba, domin moto idan yana rage gudu yakan mayar da wuta baya, kuma direba ba shi da haƙurin abin da ya zarce iyakarsa ko na ƙiftawar ido ne. Saboda haka muka liƙa kapasita mai maikurofarad 100, ɗan abin da ke shanye rarar wutar da ta taso kwatsam, dab da mashigar wutar kowane direba, sannan na ɗauki ƙaramin sukundireba da mitar auna wuta na dinga murza ɗan maɓallin saiti har amfiyar ta daidaita.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo labarin ƙofar farko da injin ya sassaƙa.